Daga karan rama zuwa igiya: jagora ga masu koyo a Tamale

Da ruwan farko ya sauka a watan Afrilu ko Mayu, aka fara shuka a gonakin da ke kewaye da Tamale, akuya da tunkiya sun gama yawon ganin dama, kowa sai ya kama tasa ya kai turke. A lokacin ake neman igiya ido rufe a kasuwar Aboabo da ƙauyukan hanyar Savelugu da Tolon da Kumbungu. A lokacin ne kuma samarin da suka koyi tufka a ranin da ya wuce suke shan kunya. Kasuwannin ƙasar Dagomba kwana shida-shida suke ci, igiyar da yaro ya sayar yau kuwa sai ta dawo masa a tsinke kafin kasuwa ta zagayo sau uku, ga mai akuya tsaye yana lissafin masarar maƙwabci da aka cinye.

Duk wanda ya kawo mini irin wannan igiya, tambayarsa ɗaya ce: a gyara masa hannu, wai bai iya murzawa ba. Sau da yawa in na warware ta, murzar ba ta da laifi. Ramar ce ta mutu tun a cikin ruwa, ko kuma an haɗa dogon zare da gajere mai kaushi an tufke su tare. Shi ya sa a wannan jagora zan daɗe a kan jiƙo da tajewa fiye da yadda mai gaggawa zai so.

Ramar da nake nufi ita ce wadda muka sani, ta kwaɗo da miya, wadda matan kasuwar Tamale ke sayar da ganyenta da sunan bra. Karan yakuwa, uwar soborodo, shi ma yana ba da zare, sai dai yawan rassansa na gajarta shi. Lalo, wato ayoyo, dangi ɗaya ne da tsiron da ake saƙa buhun algarara da shi a Indiya da Bangaladash. Duk hanyarsu ɗaya ce, amma rama ta fi sauƙi ga mai koyo.

Kayan da za ka tanada

- Lauje ko adda mai kaifi.
- Rami da aka shimfiɗa wa tampol, ko duro biyu da aka yanke, ko wani lungu na ruwa da ba a sha.
- Duwatsu masu nauyi da sanduna busassu na danne dami.
- Kulki ko guntun katako mai faɗi.
- Mataji: katako mai kauri da aka jera wa ƙusoshi masu inci huɗu, layi uku ko huɗu, tsininsu a sama.
- Gora ko igiyar shanya.
- Riga mai dogon hannu, takalmin roba mai tsawo, ƙyallen rufe hanci, da tsohon wando mai kauri.

Babu abin da ya kai matajin nan muhimmanci, shi ne kuma abin da masu koyo suka fi tsallakewa. Kafinta zai haɗa maka shi cikin sa'a guda. Ka ce masa ya fara huda katakon kafin ya buga ƙusa, in ba haka ba zai tsage.

1. Shuka

Ramar miya da ramar igiya iri ɗaya ne, shukarsu ce ta bambanta. Mai neman ganye yana ba ta fili, yana kuma tsinke mata kai don ta yi rassa. Kai da kake neman zare, akasin haka za ka yi. Shuka ta a matse, tsakanin layi da layi kamar santimita 30, tsakanin tushe da tushe faɗin yatsu uku ko huɗu. In ta matsu, kowane kara sai ya miƙe sama yana neman rana, ba ya samun sukunin yin reshe. Duk inda reshe ya fito, zare ya katse a nan. Don haka ka yi wa mutanen gida magana tun da wuri: a ware musu kunya biyu ta miya, sauran kada a taɓa musu kai.

Ka shuka a watan Yuni in damina ta zauna. Rama na fara fure ne idan yini ya soma gajarta, wajen Satumba, da ta fara fure kuwa tsawonta ya kusa tsayawa. Wanda ya yi jinkiri har Agusta zai yanki kara da bai wuce ƙirjinsa ba. Ka nemi irin bara, domin irin rama yana da mai, ba ya jure dogon ajiya a zafin nan namu. Kada ka maimaita ta a inda tumatir ko kuɓewa suka yi kumburin saiwa, tsutsar da ta kama su tana kama ta.

Wani abu da ya kamata ka sani in gonarka na bakin titi: wata ramar ganyenta na sama yana rarrabuwa kamar na wiwi. Ka bar maƙwabta da mai unguwa su san abin da ka shuka, kada ka wayi gari kana yi wa jami'i bayani.

2. Yanka

Lokacin yanka shi ne sa'ad da fure ya fara buɗewa a gonar, kafin 'ya'ya su ƙulla. Yawanci wata uku zuwa huɗu ke nan daga shuka. In ka yanka da wuri, zaren zai yi laushi da kyan gani amma ba ƙarfi, ba kuma auki. In ka bari ta yi 'ya'ya, ɓawon ya manne wa kara, zaren ya yi gauri, rabinsa zai tafi a diddiga. Bar layi ɗaya a gefe don iri, sauran ka kwantar da su.

Yanka dab da ƙasa, don gindin kara ya fi ko'ina zare. Jikin rama yana da 'yan ƙayoyi masu sa ƙaiƙayi, a nan rigar mai dogon hannu za ta yi maka rana.

3. Zubar da ganye da ɗaurin dami

Jingina karan a tsaye kwana biyu ko uku ganyen ya zube, ko ka tsige shi ka ba dabbobi. Ganye in ya shiga ruwan jiƙo yana ɓata shi, yana kuma baƙanta zare. Daga nan ka ware masu kauri gefe, sirara gefe, domin ba rana ɗaya suke nuna a ruwa ba. Kowane dami kada ya fi abin da hannuwanka biyu za su zagaye, ɗaurin kuma sako-sako, yadda ruwa zai ratsa tsakiya.

Kafin ka ɗaga damin da ya kwana a gona, ka zungure shi da sanda. Kasa da kububuwa suna son irin wannan inuwa.

Akwai gajeriyar hanya da mutanenmu suka daɗe suna bi: a ɓare ɓawon yana ɗanye, a shanya shi haka nan. Wannan ya wadatar in ɗaurin jinka ko zana ko damin itace kake nufi. Amma igiyar turke da ta guga, wadda za ta sha ja da lanƙwasa kullum, sai an jiƙa.

4. Jiƙo

Zaren rama yana cikin ɓawo ne, wani irin danƙo ya liƙe shi da juna ya kuma liƙe shi da kara. Ba ruwan ne ke narkar da danƙon ba. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cinye shi, ruwa gidansu ne kawai. Aikin ya yi kama da na daddawa: akwai ranar da ba ta nuna ba, akwai ranar da ta yi daidai, akwai ranar da ta zarce, kuma hanci da yatsa ne alƙalai. Halittun nan in sun gama da danƙon ba sa tsayawa, zaren suke juyowa a kai.

Da farko maganar wuri. Kada ka kuskura ka zuba rama a dam ɗin da unguwa ke ɗiba. Mutanen wannan yanki sun san abin da ruwan dam ya taɓa yi musu. A 2007 kurkunu ya kwantar da ɗimbin jama'a a Savelugu, ba a ga na ƙarshe a Ghana ba sai 2010, sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Garin da ya sha wannan wahala ba zai yi maka dariya ba in ka ruɓar masa da ruwa. Jiƙon rama yana wari, yana shaƙe kifi, dabba ma takan ƙi sha. Ko a Beljiyam, inda kogin Lys ya yi suna wajen jiƙa tsiron da ake yin yadin lilin da shi, daga baya barin kogin aka yi saboda ƙazantar. Haƙa raminka, zurfin gwiwa zuwa cinya, nesa da rijiya da aƙalla taku hamsin, ka shimfiɗa tampol, ka tara ruwan sama ko ka sa mai motokin, wato babur mai ƙafa uku, ya kawo maka. In dole sai ka shiga kududdufi, sa takalmin roba, don tsargiya ta fata take shiga.

Ka bar ruwa ya yi yawa sosai a kan ramar. In ka cusa dami ya cika ramin, ruwan zai yi tsami da wuri, jiƙon ya tsaya, zaren ya yi duhu. A duro kuwa, kwashe rabin ruwan ka zuba sabo bayan kowane kwana biyu ko uku. Kada ka zubar duka, halittun da ke maka aiki suna cikin tsohon.

Gindin kara ya fi kansa kauri da tauri, saboda haka ba sa nuna tare. Dabarar ita ce ka fara tsayar da damin, gindi a cikin ruwa, kai a waje, kwana biyu ko uku, sannan ka kwantar da shi gaba ɗaya. Wanda bai yi haka ba zai tarar kai ya ruɓe gindi bai saki ba, sai ya rasa wanne zai bi.

Danne shi ya nutse kamar taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, amma kada ya kwanta a kan laka. Duk abin da ya leƙo sama rana za ta busar da shi, ba zai ɓaru ba. Da dutse da busasshen itace ake dannewa. Ban da laka, ban da ɗanyen itace, ban da kututturen ayaba, ban da ƙarfe mai tsatsa. Ruwan ɗanyen itace in ya haɗu da ƙarfen da ke cikin jar ƙasarmu, zare baƙi yake fitowa, mai saye kuma da ido yake fara ciniki.

Kwana nawa? A ɗumin Satumba da Oktoba, tsakanin mako ɗaya da biyu. In ka makara har hunturu ya shigo, ruwa ya yi sanyi, zai iya kai mako uku. Lissafin kwana ba abin dogaro ba ne. Daga kwana na biyar ka riƙa zuwa kullum, ka zaro kara ɗaya daga tsakiyar dami, ba na gefe ba, ka murza shi da yatsa kusa da gindi. In ɓawon ya sulluɓe ba gardama, ka kaɗa shi a ruwa ya watse sili-sili, ya yi. In ya fito a faifaye, yana maƙale da fata, ba shi kwana ɗaya ka dawo. In ka ja sili tsakanin hannuwanka ya rabu ba tare da ya yi maka ƙara ba, an zarce.

Wanda bai nuna ba ana mai da shi ruwa. Wanda ya zarce ba shi da magani, sai dai a cusa matashi da shi. Saboda haka in kana shakka, gara ka fitar da wuri. Kuma ranar da ya nuna, ranar ake fitar da shi, ko da ranar suna ce a gidanku.

5. Ɓarewa da wanki

Ɗauki kara biyar ko shida, bubbuga gindinsu da kulki ɓawon ya saki, kama shi ka ja zuwa kai. Ka riƙe gindi duk a gefe ɗaya tun daga nan har ƙarshen aiki. Da ka bari suka cakuɗe, kai da gindi, mataji zai cinye maka rabi.

Wanke a ruwa mai tsabta, kana kaɗawa kana tsefewa da yatsu, har yauƙin ya fita ruwa ya daina yin fari. Yauƙin da ya rage shi ke sa zare ya bushe ƙandas, shi ke kuma kiran fumfuna da damina. Matse shi a hankali, kada ka murɗe kamar wanki.

Karan da ya rage fari ne, marar nauyi, yana kama wuta nan da nan, ana kuma yin shinge da shi. Ruwan ramin ka kwarara shi a gona, taki ne. Kada ka bar shi ya kwana kwanaki, sauro zai mai da shi gida. In da yara ƙanana a kusa, rufe ramin tun ranar da ka haƙa shi.

Kada gwiwarka ta yi sanyi in ka ga abin da ya fito. Ɗanyen kara kilo ɗari, busasshen zaren da zai ba ka bai fi kilo huɗu zuwa shida ba. Haka abin yake ko'ina.

6. Shanya

Rataye shi a kan gora ko igiya, kwana biyu ko uku, kana juyawa. Ban da ƙasa, ban da waya mai tsatsa. Sai ya bushe sarai za ka naɗe, don laima kaɗan a tsakiyar ƙulli ta isa ta ruɓar da shi a ɗaki. Busasshiyar rama da wuta ba sa ga maciji, ka nisanta ta da murhu da mai shan taba, ka kuma share ciyawar da ke kewaye da wurin ajiyar tun kafin a fara ƙunar daji.

7. Tajewa da rarrabewa

Abin da ka shanya ba iri ɗaya ba ne, ko da ido ya ce maka haka. A ciki akwai dogon sili da ya taho tun daga gindi har kai, akwai matsakaici, akwai kuma gajere mai kaushi, cukurkuɗaɗɗe, haɗe da ɓurɓushin ɓawo. Wannan na ƙarshe shi nake kira diddiga.

Kafe matajin a kan benci ko kututture. Naɗa tsakiyar damƙar zare a hannunka, ka yarfa bakinta kawai a kan ƙusoshin ka ja. Kowane ja ka ƙara shigar da kaɗan, har ka kai tsakiya, sannan ka juya ɗaya gefen. Mai koyo yakan dankara tsakiyar a kan ƙusa ya fizga da ƙarfi, sai ya mai da dogon zarensa diddiga da hannunsa. Abin da ya rage a hannunka, mai santsi da sheƙi, shi ne na igiya. Abin da ya maƙale a ƙusa ka cire ka sake taje shi, matsakaicin zai fito, sauran ka tara a buhu.

A waje ake wannan aiki, iska tana kaɗawa daga bayanka, hanci a rufe. Ƙurar rama tana tayar da asma. In ƙusa ta soke ka, wanke da sabulu ka je a yi maka allurar tetanas, in ka gama kuma kife matajin ko ka rufe shi da katako.

Dalilin wannan wahala shi ne, ƙarfin igiya daga gogayyar sili da sili yake zuwa. Dogon sili yana zagaya 'yan'uwansa sau da yawa, in an ja sai ya ƙara damƙe su. Gajere bai zagaya ko sau biyu ba, da an ja sai ya zame. Igiyar da aka cakuɗa ba tsinkewa take yi ba ma, sulalewa take, a daidai inda diddiga ta taru. In ka duba bakin da ya rabu ka ga ya yi buzu-buzu, ba a yanke ba, to ka san abin da ya faru.

Wasu kuma da sun gane haka sai su koma zubar da diddigar ko ƙona ta, wannan ma asara ce. Turawan da ke noman tsiron lilin, wanda Larabawa ke kira kattan, a arewacin Faransa da Beljiyam, tun zamanin da suke raba dogo da gajere da irin wannan mataji, kowanne da kasuwarsa. Dogon ya tafi yadi mai tsada. Gajeren ya tafi buhu da tufafin aiki, da toshe tsagar jiragen ruwa na katako, da goge bakin bindiga. Har yau masu haɗa famfo suna naɗa irinsa a bakin bututu kafin su ɗaure, domin in ya sha ruwa kumbura yake ya toshe ƙofa.

Diddigar rama ma haka. Dukawa za su cusa tumtum da matashi da ita, mai jaki zai cika akumari. Masu aikin silin na POP suna buƙatar zare irin wannan don riƙe farar ƙasarsu. In ka yayyanka ta ka kwaɓa da ƙasar yaɓe, bango ba ya saurin tsagewa. Mai kwalekwale a Nawuni ko Yapei zai iya dannata a tsagar jirgi ya bi da kwalta. Ana yin soson wanke tukunya da ita, ana shimfiɗa wa kaza a akurki. Har igiya ana yi da ita, ta ɗaure bakin buhu ko damin itace, muddin ka gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya saya, ka kuma rage masa kuɗi.

8. Tufka

Kafin ka taɓa ramarka mai kyau, ka koyar da hannunka a kan zaren tsohon buhun algarara. Ba ya wuyar samu a Aboabo. Buhunan nan daga Asiya ake shigo da su don koko, in sun gama can kudu sai su gangaro mana da masara da gawayi. Da can akwai masaƙar buhu a Kumasi, wadda aka kafa a zamanin Kwame Nkrumah, amma ta daɗe da tsayawa. Irin waɗannan tsofaffin buhuna ne Ibrahim Mahama, ɗan garin nan, yake ɗinkewa yana lulluɓe gine-gine da su, har ya kai su baje kolin Venis a 2015. Kai warwarewa za ka yi, ka murza, ka sake warwarewa, har hannu ya faɗa.

In ka tashi aikin gaske, yayyafa wa zaren ruwa ka rufe shi da tsumma na ɗan lokaci. Busasshen zare a iskar hunturu karyewa yake, ba ya karɓar murɗi. Amma laima kawai ake so. Wanda aka tufka sharkaf, in ya bushe sakwarkwacewa yake.

Ɗebi zare mai kaurin ƙaramin yatsa, ka ninka shi biyu, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Riƙe wurin ninkin da hagu, ka ɗora ƙafafun biyu a kan cinyarka ta dama, da ɗan rata a tsakaninsu. Tura tafin hannunka gaba, kowace ƙafa ta murɗe ita kaɗai. Kana danne da su, sai ka sassauta hagu, ka jawo tafin baya kaɗan: za ka ga sun naɗe juna ta ɗaya gefen. Sirrin igiya ke nan. Kowace ƙafa tana so ta warware, hanyar warwarewarta kuwa ita ce hanyar da ke ƙara matse ta da 'yar'uwarta. In ka murɗa ƙafafun ka kuma naɗe su duk ta gefe ɗaya, da ka saki za ta koma yadda take, ka yi tufka da warwara a zama ɗaya.

Ƙari shi ne wurin da aka fi faɗuwa. Kada ka jira ƙafa ta ƙare. Da ta fara sirancewa, saura kamar taƙi ɗaya, ka kwantar da sabon zare a kanta, gindin sabo a kan kan tsoho, ka murza su tare. Kada ƙarin ƙafafun biyu ya faɗo wuri ɗaya, dalilin da ya sa tun farko muka ninka ɗaya ta fi ɗaya ke nan. Kada kuma ka ƙulla. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a dankara da yawa lokaci guda. Ka riƙa shafa abin da ka tufka ido rufe: duk inda yatsa ya ji tudu ko kwari, koma ka gyara. Ƙafa ɗaya in ta fi kauri, siririyar za ta zagaye ta kawai, nauyi duk ya koma kan guda.

Wannan mai ƙafa biyu ta isa ragaya da dabaibayi da ɗaurin ɗan akuya. Ta rago da sa da guga kuwa mai uku ake yi, kuma aikin mutum biyar ne. Auna tufkakkun igiyoyi uku masu kauri ɗaya, waɗanda hannu ɗaya ya yi, don murɗinsu ya zama ta gefe guda. In gaba goma kake so, auna gaba goma sha huɗu, domin haɗi yana cin tsakanin kwata da sulusin tsawo. A wancan bakin ka haɗa ukun a kan guntun sanda, mutum ɗaya ya riƙe. A wannan bakin kowace igiya da sandarta da mai juya ta. Su ukun su ƙara wa igiyoyinsu murɗi ta gefen da aka tufke su, da lissafi ɗaya, suna ƙirgawa da baki, har igiya ta fara neman ƙudundunewa. Sai na biyar ya sa gwafa mai baki uku tsakanin igiyoyin, kusa da mai riƙe da haɗin, ya riƙa tahowa a hankali, shi kuma na bayan yana juya sandarsa yadda igiyar ke nema. Mai gwafa shi ne gwanin. In ya yi sauri igiya ta yi sako-sako, in ya yi nawa ta yi tauri ta riƙa harɗewa. Masu juyawa kada su tsaya sai ya iso gare su.

9. Miƙarwa, gama baki da ajiya

Ɗaura sabuwar igiya tsakanin itace biyu, ka ja ta tamau, ka rataya dutse a tsakiya ta wuni. Sannan ka goge ta da tsumma mai laima ko ɓawon masara, gaba da baya, murɗin ya zauna. Gashin da ya tsaya ka aske da almakashi. Masu wucewa da ita ta kan harshen wuta suna samun santsi, amma ban ba mai koyo shawarar haka ba. Naɗe kowane baki da siririn zare, faɗin yatsu biyu. Igiyar roba ce ake ƙona wa baki, ta rama toka za ta zama.

Gwada ta kafin ka kai kasuwa: ɗaura a turke, mutum biyu su ja, su kuma fizga. In za ta ba ka kunya, ta ba ka a gida.

Mai saye zai ce maka ta roba ta fi araha, ta fi kuma jure ruwa, gaskiyarsa ce. Abin da za ka gaya masa shi ne ta rama ba ta yanka ƙafar dabba, ƙullinta ba ya zamewa, rana ba ta mai da ita gari, guntunta kuma in ya faɗi a gona ruɓewa yake, ba ya taruwa a cikin tumbin akuya yadda leda ke yi. Ka kuma gaya masa iyakarta. In ta jiƙe a shanya ta, kada a bar ta ta kwana cikin taɓo. A wuyan dabba a yi ƙullin da ba ya zargewa, a bar ratar yatsu biyu. Kada a taɓa zura mutum rijiya da ita, kada a hau bishiya da ita, komai kaurinta, domin ruɓewar rama daga ciki take farawa.

Ajiya a rataye ake yi, a ɗaki mai iska, nesa da bango da ƙasa saboda gara da ɓera. Tajewa da tufka aikin Disamba zuwa Maris ne, lokacin da gona ta sake ka, don ba a fafe gora ranar tafiya. Gajerun igiyoyin turke su kasance a shirye kafin ƙarshen Maris. Masu kauri, na raguna da shanu, ka duba watan da Babbar Salla za ta faɗo, ka kai su kasuwar dabbobi mako biyu kafin ranar.